Layinka Shi Ne Makullin Asusunka

Ƙannena, kuskuren da na daɗe a kansa, kuma nake ganin kuna maimaitawa, shi ne ɗaukar layin waya a matsayin abin kira kawai. Wayata a kulle take da zanen yatsa, amma layin da ke cikinta a buɗe. Ɓarawon waya kuwa babu ruwansa da kullen fuskar waya. Zare layin zai yi ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0#, sai BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki, ta fito masa, lambobi goma sha ɗaya cif. Daga nan duk lambar tabbatarwa da banki zai turo, wato OTP, hannunsa za ta faɗa.

Maganin bai kai minti biyar ba. Shiga saitin tsaro na wayarka ka kunna kullen SIM, ka canza lambar sirri, wato PIN, da layin ya zo da ita zuwa wadda kai kaɗai ka sani. Amma kafin ka taɓa komai, nemo katin da layin ya zo a jikinsa, domin a nan lambar PUK take. In ka kuskure PIN sau uku layin zai rufe, sai PUK ce za ta buɗe shi. In ka kuskure PUK sau goma kuwa, layin ya mutu, sai ofishin kamfani. Kada ka yi ta cinke.

Ranar da waya ta ɓace, yawancinmu kiran lambar muke ta yi muna roƙon wanda ya tsinta. Wannan lokacin ɓarawo yake buƙata. Asusu ake fara rufewa, sannan layi, waya ita ce ta ƙarshe. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga wayar kowa a tsayar da fitar kuɗi. Tambayi bankinka tasu tun yau, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, ba a cikin wayar da za a sace ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan daɗewa yana ciwo, shi ne miƙa BVN da NIN ga duk wanda ya ce ana rabon tallafi. Na yi, kuma fam ɗin babu ko sunan hukuma a kansa. Mutane sukan ce, ai asusuna babu ko sisi, me za a sata? Sunanka za a sata. Da lambobin nan da hotonka ana iya buɗe asusu a manhajojin kuɗi, ko a ci bashi da sunanka, ko a bi da kuɗin damfara ta ciki. In bincike ya tashi, ƙofar mai BVN ake ƙwanƙwasawa. Haka abin yake ga wanda ya ba da aron asusunsa don a biya shi dubu biyu. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin Babban Bankin Najeriya da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka gaza biya daga sauran asusun da ke kan BVN ɗin wanda ake bi bashin. Ka ga kenan bashin da ba ka ci ba yana iya bin ka har bankin da kake ajiya.

Yadda za ka gane ko an ci bashi da sunanka shi ne neman rahoton bashinka. Kamfanoni uku ne ke da lasisin tara wannan bayani a Najeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara. Duba ukun duka, don ba lallai mai ba da bashi ya kai rahoto ga kowannensu ba. In ka ga bashin da ba naka ba, rubuta ƙorafi ga kamfanin da kuma wanda ya ba da bashin, ka riƙe kwafi mai hatimi.

Mai kiran da zai ce daga banki yake, ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, kada wannan ya ruɗe ka. Sayen bayanan ya yi ko ya tsinta. Abin da ba shi da shi ne yake nema: OTP, PIN, ko lambobi ukun da ke bayan kati. Banki ba ya tambayarsu. Katse kiran kawai, ba rashin ladabi ba ne. A wurin mai POS ma, kai za ka danna PIN da hannunka, kada katin ya bar idonka.

Tsohon layin da ka yar fa? In ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani yakan sayar wa wani, alhali saƙonnin bankinka suna ci gaba da zuwa can. Je banki ka sauya lambar a kan asusu da kan BVN.

In an riga an kwashe kuɗi, sanar da banki nan take, ka karɓi lambar ƙorafi, don da ita za ka bibiya. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, haɗe da bayanin shige da ficen asusun da lambar ƙorafin. Shi kuma ɗan damfarar, a kai rahotonsa ga 'yan sanda ko EFCC.