Abin da koyar da neman x ya koya mini a Garwa

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma ajin da na fi daɗewa da shi shi ne katiriyem, shekara ta uku bayan firamare, inda yaro ke fara cin karo da ekwasiyon gadan-gadan, wato lissafin nemo lambar da ba a sani ba, wadda ake kira x. Daga nan sai aji na gaba, turwaziyem, da jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Wanda ya bar katiriyem bai iya nemo x ba, da jan ƙafa zai ƙarasa makaranta, don darussan kimiyya ma a kanta suke tafiya.

Akwai wata doka da yara ke zuwa da ita a haddace: in lamba ta tsallake alamar daidai, sai ta canza alama. Dokar ba ƙarya ba ce, amma ni na daina fara darasi da ita. Ka ba yaro 12x + 18 = 198, zai tsallakar da 18 lafiya lau ya samu 12x = 180. Daga nan ne ake yin ta. Wani ya rubuta x = 180 − 12, ya samu 168. Wani ya raba 180 da −12, tunda an ce masa mai tsallakewa canza alama take yi, ya samu −15. Dukansu dokar suka bi. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne tarawa da ninkawa ba hanya ɗaya ake warware su ba.

Amma ka ɗauki lissafin nan ka sa masa albasa. Ka ce wa yaron: kawunka ya sayo albasa buhu 12 a Marwa, ya biya kuɗin mota jaka 18 (jaka ɗaya faran 1,000 ce), duka-duka jaka 198 ya kashe, nawa ya sayi buhu? Yaron da ke zama a rumfar mahaifinsa ran Asabar ba ya ko taɓa biro. "Malam, ai sai a fara cire kuɗin mota, saura 180, a raba gida 12, jaka 15 ke nan." In ka tambaye shi ko buhu zai iya zama jaka 168, kallon mamaki zai yi maka. Yaran nan sun taso suna jin manya na ciniki da dala, suna ninkawa biyar a ka kafin su san faran nawa ake nufi. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Da Hausa ko Fulatanci suke lissafin kasuwa, a aji kuwa tambayar da Faransanci take zuwa, sai su ɗauka wani ilimi ne daban. Yanzu nakan bar yaro ya faɗi yadda ya yi da bakinsa, ni kuma ina rubuta kowane mataki a allo da alamomi, har ya ga abin da ya faɗa ne ke tsaye a gabansa.

Sai dai dabarar kasuwa tana da iyaka, kuma wannan ne wurin da na fi ba lokaci. Direba ɗaya ya ce a ba shi faran 10,000 sannan 2,000 kan kowane buhu. Wani ya ce 25,000 sannan 1,500 kan buhu. A buhu nawa kuɗinsu zai zo ɗaya? Nan x tana ɓangare biyu: 10,000 + 2,000x = 25,000 + 1,500x. Babu jimillar da za a fara cirewa daga cikinta, sai ka ga har masu kaifin ajin sun yi tsit. A nan nake kawo sikeli: abin da ka ɗauke a wannan faranti, ka ɗauke irinsa a wancan. Mu cire 1,500x a ko'ina, mu cire 10,000 a ko'ina, saura 500x = 15,000, x ta zama 30. Ƙasa da buhu 30 direban farko ya fi sauƙi, sama da haka na biyun. Wanda ya gane wannan, in daga baya ya koma ga dokar tsallakewa don sauri, ba na hana shi, tunda ya san abin da ke ƙarƙashinta.

Akwai iyayen da ke ganin aljabra kayan boko ne zalla. Nakan gaya musu cewa Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi kawai, babu x ko ɗaya a ciki, kuma kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Amfani da x, y da z ya bazu ne bayan littafin masanin lissafi Bafaranshe Descartes na 1637. Na taɓa zama da limamin unguwarmu yana nuna mini rabon faran 800,000 tsakanin mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, babu wani magajin. Ya fitar da tumunin takaba, 100,000, ya kasa sauran gida bakwai, kowane namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai shi nake koyarwa." Na rubuta masa 100,000 + 7x = 800,000. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in riƙa zuwa ina nuna wa almajiransa manya.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kai: gwada amsa. Kowace takarda, layin ƙarshe dole yaro ya mayar da abin da ya samu wurin x ya ga ko ɓangarorin biyu sun zo daidai. Wanda ya samu 168, da ya ninka ta 12 zai ga 2,016, ya san da matsala tun kafin jan birona ya taɓa takardarsa. Da farko suna ƙorafin ɓata lokaci ne. Nakan ware maki ɗaya don wannan layin kaɗai, har da wanda amsarsa ba daidai ba, muddin ya gwada ya kuma rubuta cewa ba ta zo daidai ba.