Talauci Yana da Tsada, ga Mutum da ga Ƙasa

Idan aka tambayi mutane abin da ke jawo talauci, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce lalaci ko rashin ilimi. Amma duk wanda ya zauna ya yi lissafin shige da fice na gidan talaka zai ga wani abu daban: talaka ya fi mai hali biyan tsada a kan kusan komai. Wannan tsadar ce ke danne shi a inda yake, kuma ita ce ke danne ƙasa matalauciya a gaban mai arziki.

A dubi ƙaramin manomi da kaka. Kowa ya girbe a lokaci guda, kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi warwas. Ba shi da wurin ajiya mai kyau, ga bashin iri da taki da ya ci tun farkon damina, mai bashi kuwa yana tsaye a ƙofa. Dole ya sayar. Wanda ya saya yana da jari da sito, sai ya kulle ya jira. Bayan wata shida abinci ya ƙare a gida, manomin ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, a farashin da ya fi na da. An ci riba a kansa sau biyu. Aiki kam ya yi shi, halin jira ne ba shi da shi.

Haka zancen rance yake. Mai takardar mallakar fili ko gida yana kai ta banki a matsayin jingina, a yi masa lissafin ruwa na shekara. Wanda ba shi da takarda sai masu ba da bashi na bayan fage, su kuwa wata-wata suke lissafi. Ruwan kashi 10 cikin 100 a wata, idan ana ɗora shi a kan uwar kuɗi, yana mayar da 100 ta zama kusan 314 a shekara guda. Da wuya a sami sana'ar da ribarta za ta iya bin wannan gudun.

Sai rashin lafiya, wanda shi ne ke yawan zama karaya bayan targaɗe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2017 ya nuna kusan mutum miliyan 100 ke faɗawa cikin matsanancin talauci duk shekara saboda kuɗin magani da suke biya daga aljihunsu. Abin yana bin mataki-mataki: a cinye ɗan abin da aka tara, a sayar da dabba, a sayar da kayan sana'a, daga ƙarshe a cire yaro daga makaranta. Matakin ƙarshen nan ne ya fi ciwo, domin a nan talauci ke tsallakawa daga uba zuwa ɗa. Yaron da bai sami abinci mai gina jiki ba a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, yakan tashi a tsumbure, kuma abin yana bin sa har aji da wurin aiki.

Ruwa ba ya tsami banza. Rashin kadara da ke jefa mutum cikin wannan hali sau da yawa doka ce ta haifar da shi. A Afirka ta Kudu, dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙaƙen fata, waɗanda su ne mafi yawa, kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, a 1936 aka ƙara zuwa kusan kashi 13. An daɗe da soke dokar, amma a ma'aunin Gini, wanda ke tafiya daga 0 (kowa daidai) zuwa 1 (mutum ɗaya ya kwashe komai), ƙasar tana wajen 0.63, cikin mafi muni a duniya. Koriya ta Kudu ta bi akasin haka: a 1950 ta ƙayyade gonar da gida ɗaya zai mallaka zuwa kusan hekta 3, aka sayar wa 'yan haya rarar, su biya a hankali. 'Ya'yan waɗannan manoma ne suka cika makarantu, daga baya suka cika masana'antu.

Tsakanin ƙasashe ma labarin manomin nan ne, sai dai a babban sikeli. Kodebuwa da Ghana suna noma fiye da rabin kokon duniya, amma manyan kamfanonin cakulan suna Turai da Amurka, kuma a wajen sarrafawa da talla da sayarwa ne mafi yawan riba take. Ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya iri ɗaya ko biyu ba ita ke yanka farashi ba. Zambiya tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kayan da take fitarwa daga tagulla. Ran da farashin tagulla ya faɗi, dala ta yi ƙaranci, kuɗin ƙasa ya karye, bashin da aka ci da dala ya kumbura ko da ba a ƙara ranto ko sisi ba.

Bambancin ruwa a nan ma ba ƙarami ba ne. Ƙasar da ta ranci 100 a kan kashi 3 a shekara, idan ruwan ya taru shekara goma, 134 ake bin ta. Wadda aka ba a kan kashi 10, 259 ake bin ta. Wadda ta fi buƙatar kuɗin ita ake tsauwala wa, da hujjar cewa ba ta rance kasada ce. Kuma ba a hannunta linzamin yake ba: da babban bankin Amurka ya ɗaga ruwa zuwa kusan kashi 20 a 1981, Mexico ta kasa biyan bashi a 1982, ƙasashe da dama suka bi sahu. Zambiya ta kasa a 2020, Siri Lanka da Ghana a 2022. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa a kan ilimi ko lafiya. Wani bashin ma tun asali zalunci ne, kamar faran miliyan 150 da Faransa ta ɗora wa Haiti a 1825 kafin ta amince da 'yancinta.

Duk da haka ban yarda a jibga laifin duka a kan waje ba. Ƙasashen Afirka suna tara harajin da bai wuce kusan kashi 16 cikin 100 na arzikin da suke samarwa ba, alhali ƙasashe masu arziki suna tara kusan kashi 34. Inda aka kasa kama manyan masu samu, sai a koma kan harajin kayan masarufi, wanda ya fi cizon mai hannu baka hannu ƙwarya, tunda shi duk abin da ya samu kasuwa yake kai wa. Ga kuma yoyo: hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa dala biliyan 88.6 ke sulalewa daga Afirka duk shekara ta haramtattun hanyoyi. Babbar dabarar ita ce a rubuta ƙaramin farashi a takardar fitar da zinariya ko wani ma'adini, a karɓi cikon a asusun waje. Wannan ba ya yiwuwa sai da haɗin bakin na ciki.

Botswana ta nuna cewa ma'adini ba dole ya zama annoba ba. Ta sami 'yanci a 1966 tana cikin mafi talauci a duniya, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967. Gwamnati ta yi haɗin gwiwa da kamfanin lu'ulu'u na De Beers har ta kai ga mallakar rabin kamfanin haƙar, ta zuba kuɗin a hanyoyi, makarantu da asibitoci, ta kuma riƙa ajiye rara domin shekarun da kasuwa za ta faɗi. Ta samar wa kanta halin jira. Sai dai haƙar lu'ulu'u injina take ci, ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, don haka rashin aikin yi ya kasa sauka, kuma ma'aunin Gini na ƙasar ya daɗe yana sama da 0.5.