Godiya ga duk wanda ya sa hannu a baje kolin tsirrai na ɗalibanmu

Alhamdu lillahi, Asabar ɗin nan muka kammala baje kolin tsirran da ɗalibaina 'yan aji ɗaya na babbar sakandare suka shafe wata biyu suna haɗawa. Har yanzu zuciyata cike take da farin ciki.

Shekara da shekaru ina koyar da matakan rarrabe halittu, yara na haddace su kamar karatun allo, jarrabawa na wucewa su manta. Bana muka sa wa matakan bakwai sunayen Hausa daga sama zuwa ƙasa: masarauta, reshe, aji, sahu, dangi, gida, iri. Sannan na tura su kasuwa da gona su nemo 'yan uwan juna.

Godiyata ta farko ga iyayenmu mata masu kayan miya a kasuwar Sabon Gari, da suka yi haƙuri da tambayoyin yara, wasu ma suka ba su kaya kyauta. Daga tirensu yara suka gano cewa kuɓewa da kuka da yakuwa da auduga duk dangi ɗaya ne, Malvaceae. Da wata yarinya ta tambayi kakarta, sai tsohuwar ta ce ai rama da yakuwa 'yan ɗaki ɗaya ne, a dubi furensu. Gaskiyarta kuwa, dukansu gidan Hibiscus suke, iri ne kawai ya raba su. Iya, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Na gode wa malamin nan na sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ya taso daga Samaru a ranar hutunsa. Shi ya koya musu danne ganye a cikin jarida har ya bushe, ya kuma ba su labarin Linniyas, mutumin Suwidin da ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu a 1753, sunan gida sannan sunan iri. Da ya ce ɗorawa Parkia biglobosa ce, an sa mata sunan Mungo Park, Baturen nan da ya yi yawon binciken Kogin Kwara, kuma danginta ɗaya da wake da gyaɗa da tsamiya, sai ajin ya kaure da surutu. Wani yaro ya ce ashe daddawa da ƙosai 'yan uwa ne.

Shugabar makarantarmu, na gode da ɗakin da kika ba mu. Iyayen yara da suka sayi kwali da gam, musamman bayan ruwan sama ya jiƙa mana aikin farko muka sake daga tushe, Allah Ya saka da alheri. Ɗalibaina kuma, kun fitar da ni kunya, Allah Ya yi muku albarka.

Tsirran suna nan a ɗakin gwaje-gwaje har ƙarshen zango ga mai son gani. Waɗanda suka ara mana tebura da tabarmi, gobe da yamma in sha Allahu yara za su mayar muku.