Tsohuwar bindigar .22, ciki ake fara leƙawa

Duk tsohuwar bindigar .22 (wato mai ramin bututu na faɗin kusan inci 0.22) da aka miƙo mini, da na buɗe na tabbatar babu harsashi a ciki, tocila nake kunnawa in leƙa mazaunin harsashi, wato gindin bututu inda harsashi ke zama kafin harbi. Ƙota tana iya jira, komai kyan katakonta. Tun da na fara tara irin waɗannan bindigogi na lura harbi bai cika kashe su ba. Harsashin ɗan mitsitsi ne, dalma mai laushi wadda nauyinta ke wajen giram 2.6, albarushin ma kaɗan ne. Bututu yakan ci dubban harbi bai san an yi ba. Yawancin ɓarnar da nake gani daga hannun masu su take.

Dalilin leƙen yana cikin yadda harsashin ke tashi. Sinadarin da ke kunna albarushi ba a tsakiyar gindin kwanson harsashi yake ba, a cikin leɓen da ya zagaye gindin aka zuba shi. Allurar bindiga ta daki leɓen, ta matse shi da bakin mazaunin, wuta ta kama. Louis-Nicolas Flobert na Faransa ne ya fito da dabarar a 1845, Smith & Wesson suka yi harsashin .22 Short a Amurka a 1857, kamfanin Stevens kuma ya kawo .22 Long Rifle a 1887, wanda har yau shi aka fi harbawa. To idan aka ja kunama babu kwanso a ciki, allurar ba ta da abin duka sai ƙarfen bindigar kanta, kuma a tsofaffin ƙira da yawa babu abin da ke tare ta. Yau da gobe sai bakin mazaunin ya lotsa, ƙarfen ya turo ciki. Daga nan harsashi ya riƙa shiga da ƙyar, kwanso ya ƙi fita, wani lokaci a ja kunama a ji shiru. Na sha ganin bindiga tsaf a ido, wannan ciwon kaɗai ya sa aka jingine ta. Maƙerin da ya san aikinsa yana da ɗan ƙarfen da yake mayar da wurin da shi yadda yake. Wanda bai sani ba magagari zai ɗauko ya goge, ya cinye ƙarfen da ba zai dawo ba.

Sai bututu, kuma a nan shekarar ƙira tana da magana. Kafin Remington ya fito da harsashin Kleanbore a wajen 1927, sinadarin kunna wuta yana barin gishiri a cikin bututu, gishirin ya ja laima, tsatsa ta bi. Shi ya sa bindigogi irin su Winchester 1890 da John Browning ya zana, da Remington Model 12 ta 1909, da Stevens Favorite, sau da yawa za ka tarar cikinsu baƙi ƙirin, duk ramuka. Da yawa daga cikin Winchester ɗin a rumfunan wasan harbi suka yi rayuwarsu, a wuni ana harba su, ba mai damuwa da wanki. Amma ba na yanke wa baƙin bututu hukunci sai na harba. Akwai wata a wurina da in ka leƙa cikinta za ka ce ta gama yawo, ga shi kuwa a mita 25 tana tara harsasai wuri guda. Abin da ba na yafewa shi ne lalacewar bakin bututu, don can ne harsashi yake taɓa ƙarfe na ƙarshe, in gefe ɗaya ya cinye to saiti ya tafi.

Rubutun jikin bututu ma a karanta shi da kyau. Winchester 1890 kowacce harsashi iri ɗaya aka yi ta domin shi. Wadda aka rubuta wa Short ba ta cin Long Rifle. Wadda aka rubuta wa WRF (Winchester Rimfire, wani harsashin .22 mai kwanso mai kauri) kuwa mazauninta ya fi faɗi, in aka cusa mata Long Rifle kwanso na iya tsagewa, iskar wuta ta dawo fuska. Su kuwa bindigogin .25 Stevens da .32 an daɗe da daina ƙera harsashinsu a kai a kai, mai sayen su ya san ado ya saya.

Harsashi mai matsakaicin gudu kaɗai nake ba tsofaffin, wanda ke tafiyar kusan mita 330 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da gudun sauti. Mai saurin gudu sai wajen 1930 ya shigo kasuwa, bindigogin da suka girme shi ba a ƙera su da lissafinsa ba. Stevens Favorite takan yi sako-sako da shi, tsofaffin Marlin masu lifa kuwa har ƙarfen kullensu yakan tsage. Ko ba don haka ba, mai matsakaicin gudun ya fi tara harbi a mita 50. Kowace bindiga kuma da irin wanda take so. Biyu ƙirar kamfani ɗaya, shekara ɗaya, wannan ta so wani kwali, waccan ta watsar da shi. Harsashin .22 kaki ake shafa masa ta waje, don haka in na sauya iri ba na duba takardar da nake auna da harbi sai na yi 'yan harbe-harbe sabon kakin ya bi bututun. Bayan takardar kuma dole a sami tudun ƙasa. Gargaɗin da ke jikin kwali cewa yana iya yin illa har fiye da mil guda ba ado ba ne.

Wajen gyara kuwa, hannu a hankali. Ba kowane fita nake wanke bututu ba, sai na ga harbi ya fara watsewa, kuma ta baya nake zura sandar wanki in ƙirar ta yarda. Waje kam kullum tsumma mai ɗan mai, domin gumin yatsa na barin tsatsa. Mai yawa kuma illa ne: ya gangara ya jiƙa katako a wuyan ƙota, wurin ya yi baƙi ya yi laushi, shi ya sa nake jingine su baki ƙasa. Jakar soso ta tafiya ce, ba ta ajiya ba, laima take riƙewa. Sukudireba kuma sai wadda ta cika tsagar kan sukuru daidai. Kan sukuru da aka ɓata shi ne yake fara faɗa mini irin hannun da bindiga ta bi. Samfefa da sabon fenti kuwa ba na kusantar da su. Koɗewar launin nan da mutum yake ganin tsufa ce, ita masu tarawa suke biya, an goge ta an goge rabin darajar, kuma rubutun kamfani yakan tafi tare da ita.

Wani abu da kan ba sababbi mamaki: a Amurka sai dokar 1968 ta wajabta lambar ƙira a kan irin waɗannan, saboda haka masu arha da yawa na gabanin haka ba su da lamba ko kaɗan. Ba goge ta aka yi ba. Sai dai a yi tambaya tun kafin saye yadda hukumar lasisi ta inda mutum yake take rubuta irinsu.

Idan bututu ya mutu murus, ana iya fafe shi a zura sabon siririn bututu a ciki. Masu tarawa don ajiya suna ɓata fuska da wannan. Ni a kan bindigar da aka ƙera dubbai irinta ban ga laifinsa ba, gara ta koma filin harbi. A kan su Winchester 52 ko BSA Martini ta Ingila ba a cika zuwa nan ba, domin masu gasa ne suka riƙe su, sun kula da cikinsu. Matsalarsu daban ce: an cire ma'aunin saiti na asali an huda ramuka don ɗaura madubin hangen nesa, neman na asalin kuma yakan fi neman bindigar wuya.