Na gwada yadda zafi ke canza turjiyar waya

Kwan lantarki irin na da, mai siririyar waya a ciki, na fara ɗora wa mita mai auna turjiya, wato yadda waya ke hana wutar lantarki wucewa, wadda ake aunawa da om. A jikinsa an rubuta wat 60, bolt 230. In aka bi lissafi, wato bolt sau bolt a raba da wat, turjiyarsa ta kai om 880 ko kusa da haka, amma abin da mita ta nuna bai kai om 70 ba. Mitar lafiyarta lau, lissafin ma daidai yake. Kwan ne yake a sanyaye. Idan ya kama, zafin wayar ƙarfen tangistin da ke cikinsa kan haura digiri 2000, turjiyarta ta ninka fiye da sau goma. Shi ya sa irin wannan kwan ya fi ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna shi, domin wuta na kwarara da yawa kafin wayar ta ɗauki zafi.

Daga nan na koma kan jan ƙarfe. Na naɗe doguwar waya siririya, irin ta kwayil, na tsoma ta a ruwa mai digiri 20, sannan a tafasasshe. Turjiyar ta ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari, wanda ya yi daidai da abin da aka sani, wato kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri. Dalili shi ne, zafi na sa ƙwayoyin zarra na ƙarfen su yi ta karkarwa, sai ilektron da ke wucewa su riƙa cin karo da su. Aikin na son haƙuri. Dole wayar ta yi tsawo sosai, in ba haka ba turjiyar igiyoyin mitar za ta shanye bambancin. A kuma dama ruwan, a jira lambar ta tsaya cak kafin a rubuta.

Wanda ya fi burge ni shi ne tamista nau'in NTC, wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da turjiyarsa ke raguwa idan ya ɗauki zafi, mai om 10,000 a digiri 25. Ina matse shi da yatsu biyu sai lambar ta fara sauka, saboda a cikinsa zafi ƙarin ilektron yake sakewa.

Yanzu duk awon da na yi, sai na rubuta zafin wurin a gefensa. Idan moton lantarki ya yi aiki, nakan kashe shi, in cire shi daga wuta, in auna kwayil ɗinsa nan take, in kwatanta da awonsa na sanyi. Bambancin ke gaya mini iyakar zafin da ya ɗauka a ciki, inda hannu ba ya kaiwa.