Dillali ɗaya, la'ada biyu

A Kaduna, gidan da ake son sayarwa da gaske ba kasafai ake rubuta masa komai a katanga ba. Abin da ido ya saba gani ma shi ne jan fenti mai cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Na sayarwar, a Malali ko Unguwar Rimi, a baki labarinsa ke yawo, daga dillali zuwa mutum biyu ko uku da aka san suna da hali. Tun ina bin maigidana a dillanci ina riƙe masa makullai na gane dalili. Wani bashi ne ya taso shi, ba ya son surukai su ji. Wasu magada ne, suna kunyar a ce ko shekara mahaifinsu bai yi ba sun sa gidansa a kasuwa. Wani kuma tsoro ne: a shekarun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a hanyar Abuja, wa zai so a ji miliyoyi sun shigo masa? Rufin asiri ne, ban ga laifinsa ba.

Sai dai rufin asirin yana da tsada, kuma mai gida ke biya. Gidan da bai shiga kasuwa ba masu tayinsa kaɗan ne, mai shi kuma ba ya jin farashi sai daga bakin dillalinsa. Idan dillalin nan shi ne ya kawo mai saye, lissafi ya sauya. Abin da aka fi sabawa da shi kashi 5 cikin 100 ne daga kowane ɓangare. A ce an sallama gida a kan naira miliyan 40, dillalin da ya riƙe ɓangarorin biyu ya tashi da miliyan 4. Da wani dillali ne ya kawo mai miliyan 45, rabon na farko bai wuce miliyan 2.25 ba. Ba sai mutum ya zama macuci ba kafin wannan lissafi ya rage masa zafin neman wani mai taya.

Na ga abin da idona a kan gidan wata Hajiya a Badarawa, bayan ta fita takaba. Ta faɗa wa maigidana mafi ƙarancin abin da za ta karɓa, ta ce, "Malam, kai ka san kan abin nan, duk yadda ka yi daidai ne." Washegari Alhajin da ke son gidan ya faɗa masa iya inda zai iya kaiwa. Ga sirri biyu a aljihu guda, tazararsu miliyoyi ce, kuma duk wanda ya taimaka wa ya ci amanar ɗayan. Sai maigidana ya koma wurinta, daga bakin ƙofar falo ya ce, "Hajiya, mai sayen nan ma mutumina ne, zai ba ni la'ada. Ki samo wani cikin 'yan'uwanki ya zauna a cinikin, ki kuma bari a kira mai kimanta gidaje." Ƙaninta ya zo daga Zariya, aka nuna wa wasu mutum biyu gidan a asirce, cinikin ya ƙara makonni. Alhajin bai ji daɗi ba, ya daɗe bai ƙara kiranmu ba.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta fara aiki da wata ƙa'ida a 2020, cewa duk gidan da aka fara tallatawa a bainar jama'a sai an saka shi a rumbun da sauran dillalai ke dubawa cikin ranar aiki guda. Jihohi irin su Florida da Colorado kuwa sun hana dillali ya zama cikakken wakilin mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya. Mu nan abin da ke tsare mutum bai wuce tsoron Allah da gudun zubewar mutunci ba. Hadisin ma sananne ne: idan masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana, sai a sa musu albarka a cinikinsu. Masu ɗora nasu a kan farashi, su hana ɓangarorin haɗuwa har a biya, wannan ba ma dillanci ba ne.

Mai saye ma yana da tasa asarar. Da sunan sirri ake ce masa kada ya je bincike, wai magana za ta fita. Alhali binciken fayil a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, shi ke nuna ko sunan wa ke kan takardar mallaka, da ko an jinginar da ita a banki, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna mallakar ke komawa hannun wani. Dillalin da ke jiran la'ada biyu shi ne na ƙarshe da zai matsa a yi wannan jira. Shi ya sa yanzu, kafin a ba da kafin alƙalami, nake sa a rubuta a takardar ciniki wanda nake wakilta da abin da kowa zai ba ni, shaidu su sa hannu a ƙasa.