Ɗan kunne ya fito ras, ido ya yi dishi-dishi: yadda na daidaita saitin kyamarata

A hoton biki ido ake fara dubawa. Amarya ta sha kwalli, ɗaurin kallabi ya zauna, amma in ƙwayar idonta ba ta fito tas ba, hoton ya tashi aiki komai kyan lallen hannunta. Da Nikon D7100 nake aiki a nan Damagaram, kuma tun da na sayi gilashin kyamara (lens) mai milimita 85, na hannu wanda wani ya taɓa amfani da shi, abu guda ke ta maimaituwa. Zan ɗora ɗigon saiti, wato alamar da ke nuna wa kyamara wurin da za ta fito da shi garau, a kan ido in latsa, in na buɗe hoton a kwamfuta sai in tarar ɗan kunne ne ya fito ras, har ana ƙirga duwatsunsa, idon kuwa ya yi dishi-dishi. A ƙaramin allon kyamara ba a lura. Sai an wanke babban hoton da za a rataya a ɗaki asiri ke tonuwa.

Ban zargi hannuna ba, domin kullum a bayan ido saitin ke faɗawa. Rawar hannu hoton duka take ɓatawa, ba ta zaɓar kunne ta bar ido.

Dalilin yana cikin ƙirar kyamara mai madubi. Ba farantin da ke kama hoto ne ke auna nisa ba. Haske ya shigo ta gilashi, babban madubi ya tura mafi yawansa sama zuwa tagar da kake leƙawa, sauran ya ratsa tsakiyar madubin ya sami wani ƙarami a bayansa, shi kuma ya karkata shi ƙasa inda na'urar awon nisa take. Hanya biyu ke nan, kuma dole tsawonsu ya zo daidai. Saɓanin da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sa na'urar ta ce an saita alhali a kan farantin ba a saita ba. Gilashin ma yana da nasa ɗan bambancin tun daga masana'anta, kuma in nasa da na kyamara suka karkata gefe guda sai abin ya yi yawa. Wannan gilashin nawa, in na buɗe shi a f/1.8, wato ƙofar haskensa a buɗe sosai, mutum yana tazarar mita 2, wurin da ke fitowa garau bai wuce santimita 4 ba. Daga ido zuwa kunne ya fi haka.

Tun 2007 aka sa maganin wannan cikin meni, wato jerin zaɓuɓɓukan kyamara, Canon a EOS-1D Mark III, Nikon a D3 da D300. Lamba ce daga -20 zuwa +20: ta ragi tana jawo saiti wajenka, ta ƙari tana tura shi nesa, kyamara kuma ta riƙe wa kowane gilashi tasa. Sai dai ba kowace ke da shi ba. Jerin D3000 da D5000 na Nikon ba su da shi, haka Canon 60D, amma 70D tana da shi.

A zauren gidanmu na yi gwajin, da hantsi, hasken ƙofa na faɗa wa bango. Na manna shafin jarida a kwali mai tauri, na tsayar da shi yana fuskantar kyamara sak, na jingina rula a karkace a gefensa, lamba 15 daidai da fuskar takardar. Tazarar da Canon ke ba da shawara ita ce ninki 50 na tsawon gilashi, wato mita 4.25 ga nawa. Kyamara a kan ƙafa uku, ɗigon saiti guda na tsakiya, gilashi a buɗe har ƙarshe, da jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsana ya girgiza ta.

Na fara ɗauka ta allon baya, domin a nan madubi yana ɗage, farantin da kansa ke yin saiti. Rubutun jarida ya fito tas. Da na ɗauka ta tagar leƙe sai rubutun ya yi laushi, lambobin rula na bayan 15 suka fi fitowa. Daga nan na riƙa canza lamba biyar-biyar, kuma kafin kowace ɗauka sai na murɗa zoben saiti na ɓata shi don kyamara ta nemo daga farko. Wannan murɗawar ita ce mutane ke tsallakewa, ita ce kuma ke nuna gaskiya, domin hoto ɗaya yana iya dacewa bisa sa'a. Tsakanin -5 da -10 abin ya fi kyau, na bi ɗaya-ɗaya na tsaya a -8.

Yanayinmu yana ruɗin mai gwaji. Da rana tsaka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iskar da ke tashi daga ƙasa tana sa abin nesa ya riƙa rawa, ka ɗauka gilashi ne ya lalace. Hazon hunturu yana dushe komai, na'urar ta yi ta kai-komo. Ƙura kuma tana sauka kan na'urar awon a ƙasan akwatin madubi, don haka kafin in taɓa lamba sai da na ɗage madubin na hure wurin da ƴar robar hura iska. Ba a hurawa da baki, danshi zai shiga.

Gilashina mai zuƙowa, wanda nake kaiwa hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ya fi wuyar sha'ani. D7100 lamba ɗaya take karɓa ga gilashi, alhali farkonsa da ƙarshensa ba abu ɗaya suke so ba. Canon 5D Mark III tana karɓar biyu. Ni na daidaita shi a dogon ƙarshen, inda nake ɗauko fuskar mahayi cikin rawani. Doki mai sukuwa kuwa wannan gyara kaɗai bai ishe shi ba, can saiti mai bin motsi da saurin ɗauka ake buƙata.

Masu kyamara marar madubi galibi sun huta da wannan aiki, tunda a kan farantin ake awon. Mu da muke kan masu madubi, lambar ta wannan gilashi ce a kan wannan kyamara kaɗai. In ka ari ta abokin aiki, ko taka ta faɗi, sai ka koma gaban jarida da rula ka sake awo.